Gani Ya Kori Ji: Tarihin Yadda Bidiyo Ya Hau Kan Waƙa

Ina aji biyu a jami'a na fara jin waƙar "Thriller" ta Michael Jackson da kunne zalla, ba tare da hoto ba. Kafin wannan rana na sha kallon bidiyonta, tun ina yaro a talabijin ɗin maƙwabtanmu, har na ɗauka na san ta ciki da bai. Da ta tashi a kunnena sai na ji kamar an yi mini musaya. Gindin waƙar, wanda na saba jira har sai matattu sun gama fitowa daga kaburbura, ya iso tun ba a yi nisa ba. Muryar dattijon nan mai tayar da tsikar jiki, wadda na sani a tsakiya, sai ga ta can a ƙarshe. Kuma duka-duka ba a cika minti shida ba aka gama. Na yi zaton wani ne ya datse ta kafin ya ɗora a intanet. Daga baya na gane cewa wannan ita ce waƙar ta ainihi, yadda ta fito a faifai a 1982. Wadda na haddace ita ce aka farke aka sake ɗinkawa don ta zauna daidai a jikin fim.

Wannan ruɗewa tawa tana da tarihi a bayanta. Bidiyon waƙa ya fara ne a matsayin ɗan aike: a tura shi inda mawaƙi ba zai iya zuwa ba, ya tallata faifai ya dawo. Abin da wannan maƙala ke bibiya shi ne yadda ɗan aiken ya riƙa, har ya samu ikon sa mai gidansa ya yi shiru ya jira shi ya gama magana.

Auren waƙa da hoto mai motsi tsoho ne, ya girmi shigar talabijin gidajen jama'a. Tun daga 1940 wani kamfani na birnin Chicago a Amurka, Mills Novelty, ya riƙa ajiye wata na'ura mai suna Panoram a gidajen cin abinci da mashaya. Mutum ya jefa tsabar santi 10, sai ɗan fim na kimanin minti uku ya tashi, ga mawaƙa ga makaɗa. Faransa ta fito da irin tata, Scopitone, wadda ta yi tashe a farkon shekarun 1960. A tsakiyar shekarun nan ƙungiyar Beatles ta Ingila ta gaji da zaryar gidajen talabijin. Zuwa da kai ya fi aike, amma mutum huɗu ba za su iya tsayawa a Landan da Amurka a dare ɗaya ba, sai suka koma ɗaukar gajerun finafinai suna aikawa a madadinsu. A Nuwamban 1975 ƙungiyar Queen ta yi irin wannan dabara da "Bohemian Rhapsody", domin tana kan rangadi, kuma waƙar mai sarƙaƙiyar muryoyi tana da wuyar kwaikwayo a dandalin shirin Top of the Pops na BBC. Cikin 'yan sa'o'i aka ɗauki hoton. Waƙar ta yi mako 9 a saman jadawalin Birtaniya, kamfanonin faifai kuma suka lura.

Abu ɗaya ya haɗa duk waɗannan: waƙa ce ma'aunin tsawon hoto. In ta fara allo ya yi haske, in ta ƙare ya yi duhu. Wanda ya taɓa kallon tsofaffin hotunan Mamman Shata da gidajen talabijin suka ɗauka ya san irin wannan ladabi na kyamara. Tana tsaye tana shaida, Shata yana tsaye da masu kalangu a bayansa, ba wanda ya isa ya dakatar da shi don a nuna wani abu daban.

Ranar 1 ga Agustan 1981 tashar MTV ta buɗe a Amurka, ta kuma fara da waƙar ƙungiyar Buggles wadda sunanta ke nufin bidiyo ya kashe tauraron rediyo. Mutane na yawan ambaton wannan zaɓi kamar wani duba da ya tabbata. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne lissafin kasuwancin da ke ƙarƙashi. A wancan lokaci tasha ce mai aiki dare da rana, ba ta da shiri sai bidiyon waƙa, kuma kamfanonin faifai ne ke ba ta su kyauta a matsayin talla. Ribarta tana wajen masu talla, masu talla kuwa ido suke saye. Mai sauraren rediyo yana iya tuƙi ko wanki waƙa na bin sa, amma mai kallon talabijin dole a riƙe shi a zaune, kada ya murɗa wata tasha. Daga nan gasa ta tashi daga tsakanin waƙa da waƙa ta koma tsakanin hoto da hoto. Ƙungiyoyin Birtaniya, waɗanda suka riga suka saba da yin bidiyo, su suka fara cin gajiyar wannan. Duran Duran suka tafi har Sirilanka a 1982 don ɗaukar hoto a dazuzzuka da kasuwanni, Amurkawa suka san fuskokinsu kafin su tantance muryoyinsu.

A farkon rayuwarta tashar ba ta cika nuna baƙaƙen mawaƙa ba, har David Bowie ya titsiye wani mai gabatar da shirinta a kan wannan a wata hira a 1983. A watan Maris na shekarar ne "Billie Jean" ta Michael Jackson ta fara samun shiga. Kafin shekarar ta ƙare, mutumin da aka yi jinkirin buɗe wa ƙofa ya sauya fasalin gidan baki ɗaya.

Faifan "Thriller" ya fito ranar 30 ga Nuwamban 1982, Quincy Jones ne ya jagoranci haɗa shi, waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta kuwa Baturen Ingila Rod Temperton ne ya rubuta ta. Da faifan ya kusa shekara a kasuwa, ciniki ya fara ja da baya, Jackson ya nemi John Landis, daraktan da ya yi wani fim na ban tsoro a 1981 a kan mutum mai rikiɗa. Landis ɗan sinima ne, kuma da sharaɗin yin fim ya karɓi aikin. Kuɗin da aka kashe bai gaza dala rabin miliyan ba, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba kashewa a lokacin, kamfanin faifan kuma ya ƙi biya. Sai suka ɗauki wani shiri na daban a kan yadda aka haɗa bidiyon, suka sayar wa MTV da tashar Showtime, daga baya aka buga su tare a kaset aka kai kasuwa. A nan, a ganina, igiyar ta fara sauya hannu. Abin da ake bayarwa kyauta don a sayar da waƙa ya zama haja mai farashin kanta. Wanda ke ciyar da kansa kuwa ba ya jiran umarni.

Aka fara nuna shi a MTV ranar 2 ga Disamban 1983. Tsawonsa ya kusa minti 14, fiye da ninki biyu na waƙar. Yana buɗewa da rubutacciyar sanarwa cewa fim ɗin ba ya nufin Jackson ya yarda da tsafi, domin a lokacin yana cikin ɗariƙar Shaidun Jehobah. Sai mota ta tsaya a daji mai ya ƙare, saurayi da budurwa suka sauka suna tafe suna hira, wata ya keto gajimare, saurayin ya rikiɗe ya zama dabbar dawa mai rawayen idanu. Ashe duk wannan fim ne da wasu masoya biyu ke kallo a sinima. Budurwar ta tsorata ta fice, ya biyo ta. Sai an ci fiye da minti huɗu kafin kiɗan Temperton ya tashi. Kiɗan da ke rakiyar sassan ban tsoro ma na wani ne daban, Elmer Bernstein, gwanin kiɗan finafinai.

Abin da aka yi wa waƙar bayan ta fara ya fi wannan jinkiri muhimmanci. Ɗaliban waƙar baka sun san matsayin gindin waƙa: shi ne masaukin da ake komawa bayan kowane ɗa, inda 'yan amshi ke karɓa, mai sauraro ya samu wurin sa baki. A faifai haka Temperton ya gina ta, ɗa ya zo gindi ya biyo, sa'annan a rufe da jawabin Vincent Price, tsohon ɗan wasan finafinan ban tsoro. A bidiyo sai aka jero 'ya'yan waƙar a jere ba tare da gindi ba, Jackson yana rera su yana zagaya budurwar a kan titi. Aka ɗauko jawabin Price daga ƙarshe aka dasa a tsakiya don ya raka matattu wajen fasa kaburbura. Sai waƙar ta ɗauke, matattu suka kewaye masoyan. Da kiɗa ya dawo, ya dawo ne ba murya, don a yi rawar nan da Michael Peters da Jackson suka tsara. Sai bayan rawar ta yi nisa aka saki gindin waƙar, wanda aka tsare tun farko kamar ladan da ake riƙe wa yaro sai ya gama aiki.

Gaskiya ɗaya ce, dabarar ta yi aiki. Jiran da aka sa mai kallo ya yi shi ya ba wa gindin ƙarfin da yake da shi idan ya iso. Faifan ya sake komawa saman jadawalin Amurka, inda ya tara mako 37 jimilla, kuma a 2009 wannan ne bidiyon waƙa na farko da aka shigar rumbun adana muhimman finafinai na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai abin da duniya ta riƙe shi ne jar rigar fata da ɗaga hannuwa kamar farata. A 2007, da aka ɗauki hoton fursunoni kimanin 1,500 a wani kurkuku na Cebu a ƙasar Filifin suna wannan rawa cikin tufafin ruwan goro, ba wanda ya damu da ko sun san kalmomin waƙar. Sunan Temperton kuwa sai mai bincike.

Bayan haka kowa ya so ya yi fim. Jackson kansa ya ɗauko Martin Scorsese don "Bad" ta 1987, waƙar da ba ta wuce minti huɗu da 'yan daƙiƙu ba, aka gina mata labari na minti 18 a kan ɗalibin da ya dawo unguwarsu daga makarantar masu hali, abokansa na dā suna gwada ko har yanzu nasu ne. Yawancin tashoshi sun riƙa yanke labarin su nuna rawar tashar jirgin ƙasa kawai, wanda ya nuna cewa haƙurin mai kallo ma yana da iyaka. A ɗaya gefen kuma akwai waƙoƙin da hoto ya tashe su daga suma. Ƙungiyar a-ha ta ƙasar Norwe ta saki "Take On Me" a 1984 ba ta je ko'ina ba. A 1985 aka sake ɗaukar ta, darakta Steve Barron ya yi mata bidiyon da hannu ke fitowa daga littafin zane ya ja budurwa ciki, wanda aka zana hotunansa kusan 3,000 da fensir ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba ta hau saman jadawalin Amurka. Masu kare waƙar kan ce sabon ɗaukar ne ya gyara ta, kuma suna da hujja, amma da wuya a samu wanda zai ji ta yau bai ga zanen fensir a zuciyarsa ba.

Akwai wata hanyar da hoto ke rufe waƙa da ita, wato ta cece-kuce. A Maris na 1989 Madonna ta saki bidiyon "Like a Prayer" mai ɗauke da gicciye masu cin wuta da baƙar fatar waliyyi a coci. Fadar Batikan ta yi tir da shi, kamfanin Pepsi ya janye tallan da ya ƙulla da ita na dala miliyan 5. Amma misalin da ya fi kowanne ban mamaki ya sake zuwa ne daga Jackson da Landis.

Daren 14 ga Nuwamban 1991 aka nuna "Black or White" lokaci guda a ƙasashe 27, aka ƙiyasta masu kallo sun kai miliyan 500. Turken waƙar a fili yake: launin fata ba shi ne ma'aunin mutum ba. Bidiyon ya fara da ɗan wasan kwaikwayo, yaron nan Macaulay Culkin yana rigima da uba a kan ƙarar kiɗa, sa'annan Jackson ya yi rawa da mutanen nahiyoyi daban-daban, aka kai ga fuskokin maza da mata farare da baƙaƙe suna narkewa cikin juna da sabuwar dabarar kwamfuta. Waƙa ta ƙare a nan. Hoto bai ƙare ba. Wata baƙar damisa ta fice daga ɗakin ɗaukar hoto zuwa wani lungu mai duhu, ta rikiɗe ta zama Jackson. Ya yi kimanin minti huɗu yana rawa babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar takalmi da numfashi da ihu. Yana kai hannu ga gabansa, ya haye mota ya farfasa gilasanta da ƙarfe, ya yi jifa da garwar shara ta taga, ya yage rigarsa.

Washegari ba wanda ke maganar launin fata. Iyaye da suka zauna kallo da 'ya'yansu suka yi ta kiran tashoshi suna ƙorafi, Jackson ya fitar da sanarwar neman afuwa, aka yanke minti huɗun. Waƙar ta yi mako 7 a saman jadawali, amma abin da jaridu suka tattauna shi ne ɓangaren da babu waƙa a cikinsa. Daga baya aka sake fito da sashen, an yi amfani da kwamfuta an rubuta kalaman wariyar launin fata a jikin gilasan da yake fasawa, don a ba wa fushin dalili. Wannan gyara ya fallasa wani abu. Hoto marar kalma kowa na iya karanta shi yadda ya ga dama, sai da aka koma aka nemo kalmomi aka manna masa. Duk da haka ba na cikin masu ganin sashen shirme ne. An nuna shi wata takwas bayan duniya ta kalli hoton 'yan sandan Los Angeles suna lakaɗa wa baƙar fata Rodney King duka. Waƙar tana lallashi ne, tana kira ga zumunci. Ina ganin fushin da bai samu wuri a cikin baitukanta ba shi ne ya jira kiɗa ya tsaya sa'annan ya fito.

Mu a nan mun fi sabawa da akasin wannan matsala. A finafinan Indiya da suka daɗe suna cika sinimomin Kano, da kuma finafinan Hausa da suka gaji tsarinsu, waƙa ce ke katse labari: ana tsakiyar rikici sai a tsinci masoya a lambu. Amma ko a nan ido ne ke cin riba, domin fuskar ta ɗan wasa ce, muryar ta wani ce da ke ɗakin ɗaukar sauti, kuma sau da yawa da sunan fim ko na ɗan wasa ake neman waƙar a kasuwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa, sai ga zamani ya raba bakin da mai shi. A Oktoban 2016 muka ga irin abin da ya faru da Madonna a ƙofar gidanmu, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rawar da ta taka a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙin Jos, ClassiQ. Ba ita ta rera waƙar ba. Amma labarin ya kai har kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje da sunanta, kuma cikin dubban da suka yi muhawara a kai, kaɗan ne za su iya tuna raujin waƙar.

Ba duk mawaƙa ne suka miƙa wuya ba. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar Replacements ta Amurka, da aka matsa mata ta yi bidiyo, sai ta kafa kyamara a gaban sifika tana kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, daga bisani wani ya taso ya yi fatali da sifikar da ƙafa. Metallica ta ƙi yin bidiyo sam har faifanta na huɗu. Abin dariya, da ta sauko a 1989 da "One", waƙar sojan da yaƙi ya raba da gaɓoɓinsa da fuskarsa, sai ta yi wanda ya fi na kowa katse waƙa: aka cusa sassan wani fim na 1971 na Dalton Trumbo, muryoyin 'yan wasa suna magana a kan kiɗan jita. Sai da aka yi wani zubin na daban marar fim don masu son jin waƙar.

Labarin Pearl Jam ya fi ciwo. Waƙarsu "Jeremy" ta samo asali daga rahoton jarida a kan wani ɗalibi a jihar Texas da ya ɗauke ransa a gaban 'yan ajinsu a 1991. Dokokin MTV suka sa aka cire hoton da ke nuna inda yaron ya nufa da bindigar, aka bar 'yan ajin a daskare da jini a tufafinsu. Sakamakon haka masu kallo da yawa suka fahimci cewa 'yan ajin ya harbe. Daƙiƙu kaɗan da aka yanke suka juya ma'anar waƙa gaba ɗaya, suka mayar da wanda aka yi wa makoki mai laifi. Bidiyon ya ci lambobi huɗu na MTV a 1993, har da na gwarzon shekara, ƙungiyar kuwa ta daina yin bidiyo sai a 1998. Damuwarsu mai sauƙin fahimta ce. Wanda ya ji waƙa da kunne shi ke zana hotonta a zuciyarsa, da fuskokin mutanen da ya sani da titunan garinsu. Mutum dubu su ji, a samu hoto dubu. Da zarar darakta ya nuna nasa, sauran sun zama kuskure.

Da MTV ta karkata ga wasu shirye-shirye a ƙarshen shekarun 1990, an yi zaton zamanin bidiyo ya wuce. Sai YouTube ya zo a 2005 ya cire ma iyakar lokacin da tasha ke gindayawa. A Disamban 2012 "Gangnam Style" ta Psy ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a dandalin. Waƙar zambo ce ga masu ƙaryar arziki na wata unguwar attajirai a birnin Seoul, amma mafi yawan masu kallon ba sa jin harshen Koriya, rawar sukuwar doki suka ɗauka. Wata biyu bayan haka mujallar Billboard ta fara lissafa kallon YouTube a jadawalinta, nan take "Harlem Shake" ta Baauer ta hau sama ta yi mako 5. Abin da ya kai ta can shi ne dubban gajerun hotuna na daƙiƙa kusan 30 da jama'a suka ɗauka da kansu, mutum ɗaya yana rawa cikin hular kwano, sai a yanke kowa ya haukace. Waƙa ta zama ta ɗaya a Amurka alhali yawancin waɗanda suka ɗaga ta ba su wuce rabin mintinta na farko ba.

A wannan zamani ne aka samu misalai biyu da suka sa na daina yi wa katsewa kuɗin goro. Na farko "Telephone" ta Lady Gaga da Beyoncé, a 2010. Waƙar ba ta kai minti huɗu ba, kuma zancenta bai wuce na macen da ke wurin rawa ba ta son ɗaga waya ba. Bidiyon ya kai minti tara da rabi: kurkukun mata, beli, gudu a mota, zuba guba a gidan cin abinci. Ana dakatar da waƙar a yi hira, a dawo, a sake dakatarwa, kyamara kuma tana tsayawa a kan wayar Virgin Mobile da na'urar hoto ta Polaroid da kwalbar Miracle Whip. In aka cire duk wannan, waƙar ba ta yi asarar komai ba. Ɗan aiken da aka ɗauka don ya tallata waƙa ya koma yana tsayar da ita don ya tallata kayan wasu.

Na biyu "This Is America" ta Donald Glover, wanda ke waƙa da sunan Childish Gambino, da darakta Hiro Murai, a watan Mayun 2018. Tana farawa da muryoyi masu daɗi da kiɗan jita a wani babban sito. Glover ya tako yana rawa, ya zaro bindiga ya harbe makaɗin a ƙeya, a daidai nan kiɗan ya juye ya yi nauyi. Wani yaro ya zo ya karɓi bindigar a cikin jan ƙyalle da girmamawa, gawar kuma aka ja ta a ƙasa. Can gaba mawaƙan coci suna rerawa suna tafi, aka jefo masa babbar bindiga ya buɗe musu wuta, abin da ya tuna wa Amurkawa kisan mutum 9 a wani cocin baƙar fata na Charleston a 2015. Sai rawa ta ci gaba, 'yan makaranta suna murmushi a gaba, tarzoma tana ci a baya. Akwai inda komai ya tsaya cik na wasu daƙiƙu. A nan katsewar ita ce maganar. Ƙasar da harbi ke katse ibada da karatu a cikinta, sa'annan a koma nishaɗi kafin jini ya bushe, an nuna ta ta hanyar yi wa waƙar abin da ake yi wa mutanen.

A Fabrairun 2019 ta ci lambar Grammy ta Waƙar Shekara, karo na farko da waƙar gambarar zamani ta samu wannan matsayi. Glover bai halarci bikin ba. Lambar ta marubuta ce, ana ba da ita don kalmomi da rauji, bidiyo yana da tasa lambar daban, wadda ita ma suka ci a daren. A cikin baitukan babu jan ƙyalle, babu mawaƙan cocin da suka zube, babu farin dokin da ya gifta a baya da mahayi mai rufaffiyar fuska. Duk wanda na taɓa tattauna waƙar da shi, da waɗannan yake farawa.